Masuncin da Karfasa Ke Amsa wa Kira

A wani gari na bakin tafki an yi wani masunci da ke cewa duk faɗin ruwan nan, tun daga mashigi har inda ido ke ƙarewa, babu kifin da bai san muryarsa ba. Wai kakansa ne ya bar masa gadon wata waƙa, in ya rera ta a kan kwalekwale sai karfasa su yi ta tururuwa, har da masu jego. Wai akwai ranar da mura ta kama shi, tari kawai ya yi, tarwaɗa ta leƙo ta yi masa sannu. Mutane na dariya, amma dariyar ba ta nisa, don kullum shi ke dawowa da kwando shaƙe, saura kuwa sai ɗan na miya.

Gaskiyar magana, waƙar nan ko akuya ba za ta kira ba. Abin da yake yi shi ne, da tsakar rana in masunta sun miƙe a inuwa, sai ya sulale bayan gari ya saro rassan bagaruwa, ya ɗaure su dami-dami, ya rataya wa kowane dami dutse, ya tuƙa can wata kwana mai zurfi ya nutsar. In aka kwana biyu gansakuka ta lulluɓe rassan, ƙananan kifaye su zo kiwo da ɓuya, manya su biyo sawu. Ka ga gari ya kafu a ƙarƙashin ruwa ke nan. Shi kuwa gogan sai ya zo ya tsaya daidai kai, ya lumshe ido, ya wage baki, ya saki fatsa. Dabara ce mai kyau, wadda da ya faɗa da an sa masa albarka. Amma a bakinsa "na iya ɗaurin ƙirare" ba ta kai "kifi na jin maganata" zaƙi ba.

Ana nan sai aka yi wa Sarkin Ruwa jika. Ranar suna baƙi suka cika ƙofar gida, aka ci aka sha, hira ta gangaro kan mai waƙa. Sarkin Ruwa ya ce ai gani ya kori ji, a kirawo shi ya tara musu karfasa a gaban jama'a, nan mashayar da mata ke wanke-wanke. To mashayar nan kowa ya san ta, yashi ne fetal, ko talibambam sai ya yi ɓatan kai yake biyowa ta nan. Da aka kirawo masunci, sai ya shiga neman hanyar zillewa. Ya ce muryarsa ta dushe, aka kawo masa zuma. Ya ce waƙar ba ta son ido, aka ce kowa zai juya baya. Ya ce manyan karfasa ba sa fita da yamma, aka ce a kira ƙananan, baƙi ba su da zaɓe. Da dabara ta ƙare, ya naɗe wando ya shiga ruwa iya gwiwa, sunan da ya yi shekaru yana ginawa rataye a bakin ƙugiya. Ya ɗaga murya kamar ƙofar da ta manta da mai, ya wurga fatsa can gaba, yana jiran kunya.

Sai zare ya motsa. Ya fizgo, ga karfasa kamar faifai tana walƙiya. Ya sake jefawa, ga wata. Samari suka ruga suka ɗauko nasu, kowa ya jefa sai ya ciro. Mata suka rangaɗa guɗa, makaɗi ya saki kalangu, aka hura wuta nan take, ƙamshin gashi ya game unguwa. Masunci ya tsaya yana shafa maƙogwaro, har ya fara tunanin ko dai kakan nan nasa da gaske yake, ya manta cewa tsohon ko waƙar bai taɓa ji ba, shi masuncin ne ya ƙaga abarsa. Ya fito ƙirji gaba, ruwa na ɗiga, ya sanar da taro cewa rabin waƙar kawai ya rera, don tausayin masuntan gobe.

A gefen wuta akwai taubashiyarsa, 'yar gwaggonsa mai bandar kifi, wadda wasan dangi ya ba ta damar faɗa masa abin da ko matarsa ba za ta faɗa ba. Ta ajiye mafici ta ce, "Taubashi, da ka ƙara taku gaba kaɗan, da ƙaya ta rera maka sauran rabin. Tun damina nake hangen ka daga bukkar banda kana jan rassa da rana tsaka kamar tururuwa. Na ce to, ni ma ai ina da gatari, na saro nawa na nutsar nan gaban mashaya." Ta tattare zane ta shiga ruwa har ƙugu, ta laluba, ta karyo wani reshen bagaruwa kore shar da gansakuka, ta dawo ta danƙa masa a hannu a gaban Sarkin Ruwa da baƙinsa, ta ce, "Ungo, ga kakanka. Ku gaisa."

Shi ya sa Hausawa ke cewa, kifi na ganinka, mai jar koma.