Ƙeyar Jarumi

Ya yi wurgi da sabon littafin zanen da ɗiyarsa ta fitar, kishi na cin ransa.

"Jaruman Turawa sama suke tashi, wanga nata ko juyowa ba ya yi, kullum ƙeya! Kuma duk Tambuwal an ce kawunta soja ta zana. Ni da na haife ta fa?"

Matarsa ta ɗauki littafin ta kakkaɓe. "Malam, duba da kyau. Kawunta na da tabo ga ƙeya?"

Ya shafa bayan wuyansa, ya ji tsohon tabon ƙahon bijimi. Shekara shida yana kai ɗiyarsa makaranta daga Jabo bisa babur, tana riƙe da rigarsa. Haka take ganinsa kowace safiya.