Sakatar Ɗakin Tsintsiya

"Ranka ya daɗe, yau sai an bi mini haƙƙina!" Haka na faɗa wa manaja. Ni ke share kantin nan, amma kullum da azahar sai in tarar da ɗakin tsintsiyata a kulle ta ciki, sannan a ce ni ce malalaciya. Na rantse masa wata ce ke sharar barci.

Ya banke ƙofar. Yarinyar nan mai jera kaya ce, wadda ta dawo daga jego, zaune kan bokitina tana tatsar wa jaririnta nono a kwalba.

"Iya, nan kaɗai ke da sakata," ta ce.

Manaja ya sa aka cire sakatar. Yanzu da jiƙaƙƙiyar riga take tashi aiki, kwalbar wayam. Kuma har yau ita ke fara gaishe ni.