Wa Ya Tsegunta wa Treichville?

Kofin shayin bai kai bakin Alhaji Mijinyawa ba ya sake dire shi a kan kanta.

"Uku!" in ji shi. "Gola ɗaya ya kama fenariti uku, ku ce mini sa'a ce?"

Kiyos ɗin Harisu mai shayi a unguwar Williamsville ta Adjamé ya cika maƙil tun da hantsi. Jiya ƙungiyar unguwar ta buga wasan ƙarshe na kofin unguwanni da Treichville, a can filinsu. Aka tashi ba ci, aka je bugun fenariti, aka dawo Adjamé cikin gbaka, ƙaramar bas ta haya, kamar masu dawowa daga jana'iza.

Kowa da nasa bayanin. Wani ya ce me ya sa aka fara da Nazir, yaron da ƙafarsa ke rawa tun daga tsakiyar fili. Harisu ya ce da Sa'ad aka bari a ƙarshe da yanzu kofi yana kan kantar nan. A ƙarshen benci Bilya tela, kocin ƙungiyar, yana ta juya cokali a madarar da ta riga ta huce. Ya faɗa sau biyu cewa yadda suka yi a atisaye haka ya jera su. Ba wanda ya saurare shi.

Alhaji shi ne shugaban magoya baya, kuma babu atisayen da ya taɓa wuce shi. Ya san ƙafar kowane yaro fiye da tayoyin da yake sayarwa a tashar Adjamé. Abu ɗaya ne ba ya iya kallo, fenariti. Tun da likita ya yi masa maganar tansiyo, wato hawan jini, da zarar wasa ya doshi ƙarshe ba ci, sai ya fice bayan katanga da carbinsa, ya bar kunnensa ya yi aiki. Jiya ma haka ya yi. Daga baya aka ba shi labari cewa dab da busa, kocin Treichville ya cire golansa ya sako wani dogo daga benci. Dogon nan kuwa duk inda ƙwallo za ta, can take samunsa yana jira.

"Wannan ba iyawa ba ce," Alhaji ya ce. "Faɗa masa aka yi."

Alhaji ya juya a hankali ya dubi Bilya. Kowa ya san matar Bilya 'yar Treichville ce, ƙannenta kuma ba sa rabuwa da shagonsa.

"Haba Alhaji," in ji Bilya. "Ni?"

"Ban kira suna ba. Amma wallahi duk wanda ya buɗe bakinsa, ko ɗan cikina ne, ya gama zama a bencin nan. Koci kuma, to, yau da la'asar kwamiti zai zauna."

Bilya ya ajiye cokalin. Shi ya tara yaran nan tun suna buga ƙwallon tsumma a bayan kasuwa, shi ya ɗinka musu riguna da hannunsa. Ya duba fuskokin mutane ko wani zai ce wani abu. Kowa ya sami abin kallo a cikin kofinsa.

Alhaji ya ji ransa ya ɗan yi sanyi, har ya tuna yau yana da abin farin ciki. Shamsuddin, saurayin 'yarsa Radiyya, zai zo ya gaida abokansa karo na farko, tunda an sa rana. Yaro mai kunya, ma'aikacin tashar jirgin ruwa. Duk Lahadi yakan zo gida, ya durƙusa, ya zauna a gefen tabarma ya naɗe dogayen ƙafafunsa. Samarin yanzu da ka fara magana sai su duba agogo. Shi kuwa Shamsuddin ko Radiyya ta leƙo tana harararsa ba ya tashi sai Baba ya dasa aya. Har tambaya yake yi.

Da safen nan ya aiko cewa ba ya jin daɗin jikinsa, a ɗaga zuwan. Alhaji ya ce sam, ya riga ya faɗa wa mutane.

Wata woro-woro, tasin unguwa, ta tsaya a gaban kiyos. Shamsuddin ya sunkuyo ya fito cikin farar shadda, ya ja hula har gira, yana ɗan dafe ƙugu.

"Baba, ina kwana."

"Ƙaraso, ɗana, ƙaraso! Jama'a, ga surukin nawa."

Harisu ya tsaya da buta a sama, shayi yana zuba a kan kanta. Alhaji ya ɗauka kwarjinin yaron ne, sai ya ƙara buɗe kafaɗa.

"Kun ga wannan? Da ya zo gidana bai ce mini komai a kan ƙwallo ba, ni na koya masa. Nazir hagu yake bugawa, Sa'ad ƙasa ta dama, duk na zana masa da tsinke a tsakar gida. Ko ba haka ba, ɗana?"

Shamsuddin ya zuba wa takalminsa ido.

Bilya ya miƙe. Karo na farko tun jiya murmushi ya bayyana a fuskarsa. Ya kama hannun baƙon da hannu biyu ya girgiza, sannan ya juyo wajen Alhaji cikin ladabi.

"Gaskiya ka iya koyarwa, Alhaji," ya ce. "Ai shi ne golan."