Ciwon Bayan Kaka

"Da-som, ɓoye rigar aikin! Ga jami'ar nan tana hawowa!" in ji Kaka.

Na cusa rigar ƙarƙashin katifa. Kaka ta kwanta tana nishi kamar mai ciwon baya. A ɓoye take naɗa kimbap, wato shinkafar da ake naɗewa cikin ganyen teku, a wani shagon kasuwa. A cewarta, ranar da ofishin tallafi ya ji tana karɓar albashi, kuɗin hayarmu ya tafi.

Jami'a Pyo ta ofishin tallafi ta cire takalmi ta zauna. Don ruɗewa, na kawo mata shayi da kimbap ɗin da Kaka ta naɗa da safe.

Ta ci ɗaya, ta lumshe ido. "Kaka, mai ciwon baya ce ta naɗa wannan?"

"Maƙwabciya ce, 'yar nan. Wayyo bayana!"

"To maƙwabciyar ta zo ta faɗi albashinta. Kaɗan ake ragewa a tallafin, ba a yanke shi."

Nishin ya tsaya cak.

"Kuma ta yi sauri. Mai shagon mahaifiyata ce. Tun safe take kirana, wai layi ya kai bakin titi."

Kaka ta riga ni isa katifar.