Takardar Gwajin Hawaye

"Rufe ido, minti biyar," in ji likitar, bayan ta saƙala wa Tambara siririyar takarda a fatar ido ta ƙasa. "In ta jiƙe, lafiyarki lau. In ba ta jiƙe ba, ciwon bushewar ido ne."

Tambara ta rufe. Ba ta jin komai. Tun da aka binne mijinta ba ta zubar da ɗigon hawaye ba, kuma duk Filinge an sani.

Maidoki, wan marigayin, yana tsaye bakin ƙofa. "Lokotoro, duba da kyau. In ba ciwo ba ne, ƙeta ce. Ba mu barin ɗiyarmu Anisa hannun macen da ba ta kukan miji."

Likitar ta janye mayafin Tambara don ta zare takardar. Hannunta ya tsaya. Shatin bulala ne, sabo bisa tsoho, daga wuya har kafaɗa.

Tambara ta buɗe ido. Ganin likitar ta ga shatin, hawaye suka zubo mata. Takardar ta jiƙe sharkaf.

Likitar ta dunƙule ta a tafin hannu, ta miƙo kwalbar maganin ɗigawa.

"A bushe yake ƙayau, Malam. Ta tafi da ɗiyarta."