Katin Iya Hansatu a Ƙofar Asibiti

Tun da aka kafa sabuwar doka, ƙofar asibiti ba ta buɗewa sai da katin shaida. Katin baƙi kuwa launinsa na bin zaman gwamnatoci: kore in ana shiri, ja in an ɓata.

Iya Hansatu ta tsallako iyaka, 'yarta na naƙuda a cikin asibitin. Tana miƙa katinta ya yi ruwan ɗorawa.

"Ministocinmu da naku suna ganawa, Iya," in ji mai gadi. "Sai haƙuri."

Can katin ya koma kore, ƙofa ta buɗe.

Mai gadi ya rage murya. "In ya yi ja kina ciki, ba fita."

"Na ji, ɗana."

Ta ƙulle katin a haɓar zaninta, ta shiga.