Yatsa a Sama

"Ku kashe talabijin ɗin nan!" na daka tsawa.

Jibi kwantenata za ta bar tashar jiragen ruwa ta Nansha, jakunkunana ko zif babu, amma matan Sinawan nan sun saki kekunan ɗinki, sun ƙura wa wasan kwaikwayo ido. Wai wahalar ma'aikatan masaƙa a shekarun 1930. Har da masu sharar hawaye!

"Maigida, hutun cin abinci ne," in ji tsohuwar cikinsu.

"Hutu? Ni na huta?"

Suka dube ni, suka dubi talabijin. Na waiga.

Mai masaƙar cikin wasan ne tsaye a kan ma'aikatansa, jijiyar wuya a miƙe, yatsa a sama.

A hankali na sauke nawa yatsan.